Kafin a Zuba Kankare a Bakin Teku, a Fara Auna Abin da Iska Ke Yi wa Ruwa

Daga farkon 2010 zuwa tsakiyar 2011 tsayin ruwan tekunan duniya ya sauka da kusan milimita 5. Taurarin ɗan Adam da ke auna fuskar teku tun 1993 sun saba nuna ƙarin milimita 3 da 'yan kai kowace shekara, sai ga layin ya sunkuya. Masu musun ɗumamar yanayi suka samu na cewa: ina tashin tekun da ake ta firgita mutane da shi? Ruwan kuwa yana nan, a tudu ya sauka. Yanayin La Niña mai ƙarfi na lokacin, wato sanyin da ruwan gabashin Tekun Fasifik kan yi a wasu shekaru, ya karkata iskar da ke ɗauke da danshi, aka yi ta sheƙa ruwan sama a Ostireliya da arewacin Kudancin Amurka da kudu maso gabashin Asiya. Milimita ɗaya a faɗin tekunan duniya daidai yake da ruwa tan biliyan 360, kenan wajen tan biliyan 1,800 ne suka yi zaman aro a kan ƙasa. Tagwayen taurarin GRACE, masu auna nauyin ruwa daga sama, sun ga inda ya taru. Ostireliya ce ta fi daɗewa riƙe da shi, domin kogunan tsakiyarta ba sa kaiwa teku; a Tafkin Eyre da fadamun hamada suke ƙarewa, kamar yadda ruwan Haɗeja da Jama'are ke bin Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Kafin 2012 ta ƙare teku ya karɓi kayansa, layin ya ci gaba da hawa.

A 2023 sai reshe ya juye da mujiya. El Niño, kishiyar La Niña, ta sa ruwan saman da ya kamata ya sauka a dazukan Amazon da Indonusiya ya zuba a cikin teku, ga kuma zafi, hukumar NASA ta lissafa ƙarin milimita 7.6 cikin shekara guda, fiye da ninki biyu na matsakaicin shekaru talatin da suka gabata. Nan kuma 'yan ɗaya ɓangaren suka ɗauki ganga, wai saurin ya ninka ke nan har abada.

Duka biyun sun karanta shekara guda kamar ita ce tarihin gaba ɗaya. Tashin teku na dogon zango gaskiya ne: ya haura santimita 10 tun 1993, saurinsa kuma ya tashi daga kimanin milimita 2 a shekara zuwa fiye da 4. Amma a kan wannan hawan akwai wani hawa da sauka na shekara-shekara wanda iska ke juyawa, kuma a bakin gaɓa ɗaya yakan ninka na duniya sau goma ko ashirin. Ra'ayina shi ne gwamnatocin gaɓar Afirka ta Yamma sun fi son sayen dutse da kankare a kan sayen ma'auni, alhali wannan rawar ta shekara-shekara ce ke sa ruwa ya tsallake katanga tun ba a kai shekarun da injiniya ya yi wa alkawari ba.

Hanya mafi sauƙin lissafi ita ce nauyin iska. Iskar da ke bisa kanmu tana danna fuskar teku da matsakaicin nauyi na milibar 1013 (milibar shi ne awon nauyin iska). Duk inda nauyin ya ragu da milibar ɗaya a kan na sauran tekuna, ruwa yakan ɗago da kusan santimita ɗaya. Inda ya ƙaru, ruwa ya lotsa. Guguwar da ta sauke ma'auni da milibar 30 ta ɗaga teku santimita 30 ke nan tun kafin a saka turin iska da igiyar ruwa a lissafi. A ƙasashen sanyi, matsakaicin nauyin iska na hunturu guda kan bambanta da na wani da milibar da yawa, saboda tsarin da ke tsakanin yankin ƙarancin nauyi na Iceland da yankin yawan nauyi na tsibiran Azores yana ƙarfi yana rauni. A hunturun 2009 zuwa 2010 tsarin ya yi rauni ƙwarai. Bahar Rum ya ɗago, 2010 ta shiga jerin shekarun da ruwa ya fi yawan malala a dandalin San Marko na birnin Venice. A gaɓar Amurka daga New York zuwa arewa, ma'aunai sun nuna tsalle na kusan santimita 13 cikin shekaru biyu, abin da tashin duniya zai ɗauki kusan shekara arba'in kafin ya tara. Da farko an fi ɗora laifin a kan raunin babban magudanar ruwan Atlantika. Da aka sake lissafi, aka ga nauyin iska kaɗai ya ɗauki kusan rabi. Haka kuma tsakanin 1960 da 1990 Bahar Rum ya yi kamar ya daina tashi, domin nauyin iska ya yi ta ƙaruwa a kansa yana danne shi. Wanda ya gina tashar jiragen ruwa da lissafin waɗannan shekarun ya gina ta gajeriya.

Turin iska ya fi wannan girma, kuma a Tekun Fasifik ya fi fitowa fili. Ka cika daro da ruwa ka kunna masa fanka daga gefe guda: ruwan zai taru a ɗaya gefen, ka kashe fankar ya dawo. Iskokin gabas, dangin wadda ke kawo mana hunturu, suna busawa a kan Fasifik daga Kudancin Amurka zuwa Asiya kusan duk shekara, suna tara ruwa mai ɗumi a yamma, har teku a wajen Indonusiya ya fi na gaɓar Ekwado tsayi da kusan rabin mita. Ƙarfin turin ba ya bin gudun iska ɗaya bayan ɗaya: in gudun ya ninka sau biyu, turin ya ninka sau huɗu, shi ya sa ɗan sauyin iska kan yi babban aiki. Idan iskokin suka yi rauni, tarin ruwan sai ya gangaro gabas ta ƙarƙashin fuskar teku a kan layin ikwaita, ya ƙetare Fasifik cikin wata biyu zuwa uku, ya bugi gaɓar Peru da Ekwado, sannan ya rabu ya bi gaɓa kudu da arewa har Kalifoniya. Wannan ita ce El Niño ta fuskar tsayin ruwa. A 1997 zuwa 1998 gabashin Fasifik ya ɗago da santimita 20 zuwa 30, yayin da tsibiran yamma irin su Guam da Samoa suka ga ruwa ya janye da kwatankwacin haka, duwatsun murjani suka fito fili suna bushewa a rana, halittun cikinsu suna ruɓewa.

Abin ba ya tsayawa a shekara guda. Daga 1993 zuwa wajen 2010 iskokin gabas sun yi ƙarfi fiye da yadda aka saba, sai teku a kewayen Filifin da tsibiran Solomon ya riƙa tashi kusan santimita ɗaya a shekara, ninki uku na duniya, gaɓar Kalifoniya kuwa ta zauna kamar an kafe ta. Bayan nan iska ta sauya, lissafin ya juye. Shekaru goma sha bakwai cif, mazaunin Honiara a tsibiran Solomon da mazaunin San Francisco a Kalifoniya kowa na da hujjar ma'auni a hannunsa, kuma kowa zai yi kuskure in ya ɗauka abin da ya gani shi ne makomar garinsa.

Saura zafi da toka. Ruwa in ya ɗumama yakan kumbura, in ya huce ya tsuke. Dutsen Pinatubo na Filifin da ya yi aman wuta a 1991 ya watsa hayaƙi a sararin sama ya rage hasken rana, teku ya huce ya yi ƙasa da kimanin milimita 5. A daidai wannan ramin aka harba TOPEX/Poseidon, tauraron auna tsayin teku, a 1992, don haka tarihin taurarin ya fara ne daga shekarun da ba na al'ada ba, abin da ya ɓoye ƙaruwar saurin tashin na wani lokaci.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa ina ruwansa. Kwantenar da ke sauka a Kantin Kwari ta Apapa ko Lekki ta biyo, kayan Yamai da Damagaram sun daɗe suna bi ta Kwatano da Lome, matatar Dangote a bakin teku take, ga dubban 'yan'uwa a Obalende da Idi-Araba da zangunan Accra da Kwatano. Kuma hanyar Legas zuwa Kalaba mai tsawon kimanin kilomita 700 da aka fara a 2024 da kuɗin kowa ake yin ta.

A mashigin tekun Gini nauyin iska ba ya wani motsi sosai. Bambancin wata da wata daga abin da aka saba bai cika wuce milibar ɗaya ko biyu ba, don haka wannan hanyar ƙarama ce a wurinmu. Tamu rawar daga nesa ake kaɗa mata. Kowace shekara daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi kan taso daga ƙasa a gaɓar Kwaddebuwa da Ghana, teku ya yi ƙasa da santimita 10 ko fiye a kan yadda yake a watanninsa na cika. Masuntan Elmina da Tema sun san lokacin sarai, domin shi ne kakar kifin sadin. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke jawo wannan shi ne ƙarfin iskar da ke busawa can kusa da Birazil, wadda saƙonta ke bin layin ikwaita ya iso gaɓarmu cikin wata guda ko biyu. Shekarar da iskar ta yi rauni, ruwan sanyin ba ya tasowa yadda ya kamata, teku ya zauna da ɗumi da tsayi. Haka aka yi a 1963 da 1984, aka sake gani a 2021. Ita 1984 ɗin manoman Katsina da Damagaram ba su manta da ita ba saboda farin da aka yi. Ɗumin tekun Gini yana cikin abubuwan da kan riƙe damina a bakin gaɓa ta kasa haurowa arewa yadda ake so. Iskar da ta ɗaga ruwa a Takoradi tana da hannu a rumbun da bai cika ba a Tasawa.

A nan ne haɗarin yake. Watannin Yuli da Agusta su ne lokacin da manyan igiyoyin ruwa ke isowa Legas daga guguwowin hunturun kudancin Atlantika, dubban kilomitoci daga nan, ko da garin ya yi tsit babu iska. A shekarar al'ada saukar teku ta wannan lokacin tana ba gaɓa ɗan sarari. A shekarar da saukar ba ta zo ba, sararin ya tafi. Ka haɗa da babbar cikar teku da ke zuwa sau biyu a wata, daf da tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Ka haɗa da ruwan saman da ya cika tafkin Legas ya rasa mafita saboda bakin teku ya ɗago. Ka haɗa da ƙasar da ke lotsawa a unguwannin da aka cike da yashi ake kuma zuƙe ruwan ƙarƙashinsu da rijiyoyin burtsatse. Kowanne shi kaɗai santimita kaɗan ne. Ranar da suka haɗu ce ruwa ke shiga ɗaki.

Ba duk ɓarnar gaɓa ce ke da alaƙa da wannan ba, kuma ya kamata a faɗa. Gaɓar Bar Beach ta Legas ta fara cinyewa ne bayan an gina dogayen shingayen dutse a bakin tashar Legas tsakanin 1908 da 1912, waɗanda suka tare yashin da ke gangarowa daga yamma zuwa gabas. Matsalar Keta a Ghana tana da nasaba da madatsar Akosombo da ta riƙe yashin kogin Volta. In ba a auna ba, ba za a iya raba laifin iska da na ɗumama da na hannun mutum ba, sai kowa ya ce sauyin yanayi ne, a ba da kwangila, a wuce.

Auna kuwa ba wani abin mamaki ba ne. Tasha mai kyau tana buƙatar na'urar rada da aka ɗaure a ƙarfe bisa ruwa tana karanta nisan fuskarsa duk minti ɗaya. Na'ura ta biyu a cikin ruwa mai auna nauyinsa, don in ɗaya ta yi ƙarya ɗaya ta tona. Barometa, wato ma'aunin nauyin iska. Eriyar GPS a kan ginin don a san ko ginin kansa yana nutsewa. Farantin sola da batir da abin aika saƙo. Sai ƙusoshin tagulla aƙalla biyar da aka kafe a dutse ko tsohon gini mai ƙarfi a kewayen wurin, waɗanda safiyo zai bi duk shekara ya tabbatar sifilin ma'aunin bai gusa ba. Abin da ake nema shi ne kuskure kada ya wuce santimita ɗaya, agogo kuma kada ya kauce da minti ɗaya. Kuɗin jif guda cikin ayarin babban jami'i zai kafa irin wannan tasha.

Kafawa ce mai sauƙi. Riƙewa ce ke gagara. Na'urar cikin ruwa tana auna nauyin ruwa da na iska a haɗe, don haka in barometa ta mutu ba a cire nata ba, duk ɗagowar da sauƙin iska ya jawo sai ta ɓace daga lissafi, domin abin da iska ta rage ruwa ya cike. In an kafa ta a bakin tafki ko kogi, ruwan daɗi na damina ya fi ruwan gishiri sauƙi, sai ta nuna ruwa bai kai inda ya kai ba, da santimita biyu ko fiye in tana da zurfin mita ɗaya. Ƙananan halittu masu ɓawo kan toshe bakinta cikin 'yan watanni. Tsofaffin ma'aunai masu rijiya da tulu mai iyo, laka ce ke cike musu ƙofa, sai su riƙa makara. A sace batir, wata uku su tafi a banza. Mafi muni duka shi ne a rushe gadar da ma'aunin ke kai a sake ginawa ba tare da an ɗaure tsohon sifili da sabo ta hanyar ƙusoshin nan ba: nan take tarihin shekara ashirin ya rabu gida biyu da ba sa haɗuwa. Takoradi na da ma'auni tun wajen 1930, yana cikin mafi tsufa a Afirka, amma shi ma akwai giɓi a tarihinsa. Daga Dakar zuwa Duwala, tashoshin da ke da dogon tarihi marar yankewa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Za a ce ai ga taurari, me za a yi da ƙarfe a bakin ruwa? Taurarin jerin Jason da Sentinel-6 suna shawagi a nisan kilomita 1,336, suna komawa kan layi ɗaya bayan kusan kwana 10, kuma a yankinmu tsakanin layi da layi ya haura kilomita 300. Dab da gaɓa ƙasa kan gurɓata musu saƙo. Ba sa ganin lotsawar ƙasa, ita kuwa ga mai gida ɗaya take da tashin ruwa. Akwai kuma tarkon da ƙwararru ma kan faɗa: alƙaluman taurarin da ake saukewa a intanet an riga an cire musu tasirin nauyin iska, don masu binciken ɗumama ba sa son sa. Mai gina magudana yana son sa, domin ruwan da ke shiga gari bai san an cire shi ba. Duk wanda ya kwatanta alƙaluman tauraro da na ma'aunin gaɓa sai ya mayar da wannan kason tukuna.

Tsarin tace bayanan ma sananne ne. Daga karatun minti-minti a fitar da na awa-awa, a tace cikar teku da janyewarsa na kullum, a samu matsakaicin yini, sannan na wata. Watan da ya rasa fiye da rabin kwanakinsa a ajiye shi gefe, kada a cike da zato. A cire hawa da saukar da aka saba gani a kowane wata na shekara. Abin da ya rage shi za a jera da nauyin iska, da iskar gida, da iskar wajen Birazil da ma'aunan PIRATA masu iyo a kan teku ke aunawa a tsakiyar Atlantika tun 1997. Sai bayan haka ake maganar saurin tashi. Ga dalili a lissafi: ɗauki gaɓar da ke tashi milimita 4 a shekara, wadda iska kan ɗaga ko sauke ta da santimita 4. In awonka na shekara goma ya fara a shekarar ƙasa ya ƙare a shekarar sama, bambancin farko da ƙarshe zai nuna maka santimita 12 maimakon 4, wato ninki uku. In ya fara a sama ya ƙare a ƙasa, zai ce maka teku sauka yake yi. Shi ya sa masana ba sa amincewa da saurin da aka fitar daga tarihin da bai kai shekara 30 ba, wasu ma sai 50 ko 60. Rahoton kwangilar da aka gina kan awon wata shida takarda ce kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu masu fafutukar muhalli ba sa son a yi ta maganar rawar iska, suna ganin tana ba masu musu mafaka. Na fahimci tsoronsu, amma ɓoyewar ce ke ba da mafakar: in ka ce wa mutane teku na tashi kullum, ranar da ya sauka shekara biyu ka zama maƙaryaci. Gara a gaya musu tun wuri cewa za a ga shekarun sauka, kuma kowace shekarar hawa tana farawa daga matakin da ya fi na wadda ta gabace ta. El Niño ta 2023 ta hau ne a kan tekun da ya fi na 1997 tsayi da santimita 8 ko 9.

Akwai ma riba a cikin wannan rawar, domin ita ana iya hango ta. Tunda saƙon iska yana ɗaukar makonni kafin ya ƙetare teku, cibiyar nazarin tsayin teku ta Jami'ar Hawaii tana fitar wa tsibiran Fasifik hasashen watanni masu zuwa a santimita. Hukumar yanayi ta Nijeriya, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar kula da ruwa ta NIHSA na fitar da na ambaliya, ga cibiyar binciken teku ta NIOMR a Legas, ga cibiyoyin nazarin yanayi na ACMAD da AGRHYMET a Yamai. Abin da ya rage shi ne a haɗa hannu a fitar da shafi guda da zai ce: bana tekun Gini ya fi na al'ada tsayi da santimita kaza, ga ranakun babbar cika, ga unguwannin da za a yashe wa magudana kafin lokacin. A Legas tazarar cika da janyewa kusan mita ɗaya ce, a Kalaba ta kusa mita uku, don haka kowane gari da nasa lissafin.

Duk kwangilar katanga ko hanya ko tashar jiragen ruwa ya kamata doka ta tilasta mata nuna lambobi huɗu daban-daban, kowace da tashar da aka samo ta: tashin dogon zango, mafi girman ɗagowar shekara da aka taɓa aunawa, babbar cika haɗe da igiya, da saurin lotsawar ƙasar wurin. A kuma ware kaso daga kuɗin aikin don kafa tasha da albashin mai kula da ita, a riƙa tura alƙaluman zuwa ma'ajiyar duniya da ke Liverpool inda kowa zai gani. Ita kanta cikar teku tana da zagayen shekara 18.6 wanda tafiyar wata a sama ke juyawa, don haka sai an tara shekara 19 kafin a tsayar da sahihin sifilin da za a gina a kansa. Tashar da aka kunna a 2026, in ba a sace mata batir ba, a 2045 za ta ba da wannan lambar.